GA4, Clarity, Matomo ko Plausible: wanne mai dillancin intanet zai ɗora a shafinsa?

Ɗan'uwa, in kana da shafi da kake rubutu kan kaya kana saka linkin Jumia ko Konga ko Selar ko Amazon don wani ya bi ta nan ya saya a ba ka kamasho, to dole wata rana ka tsaya kana tunanin mi za ka ɗora da zai riƙa ƙirga maka masu shigowa. Wani zai ce maka Google Analytics (GA4) kawai ka rufe ido, wani ya ce a'a ai ya yi wahala ka koma Plausible, wani kuma ya ce duk ka bar su ka girka Matomo a hostin ɗinka, wato inda aka ajiye shafinka, bayananka su zauna hannunka. Kowa da hujjarsa, kuma yawancin masu ba da shawarar ba su san yadda ake fama da kuɗin dala da data da wutar lantarki nan Sakkwato ba.

Abin da nike so ka riƙe tun daga farko shi ne, yawan masu shigowa shafinka ba shi ne kuɗi ba. Dillali a kara ba a biyansa la'ada don mutane sun taru suna kallon shanu, sai ya haɗa mai saye da mai sayarwa an yi sallama an ƙirga kuɗi. Kai ma haka. A ce kana da rubutu biyu, ɗaya kan tarihin wayar Tecno mutum 1,000 suka karanta amma 15 kawai suka danna linkin saye, ɗayan kuma kan fankar caji da ta fi riƙe wuta mutum 200 suka karanta amma 40 suka danna. Wanda ke kallon yawan baƙi zai ce na farko ya yi nasara ya ƙara rubuta irinsa, alhali na biyun ne ke ciyar da shi. Saboda haka duk kayan aikin da za mu duba, tambayar farko da zan yi masa ita ce yana nuna min wane rubutu ne ya tura mutum waje zuwa shagon da nike wa dillanci, ko kuwa a'a.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko shi ne wanga da na faɗa, ƙirga danna linkin fita, kuma ba jimilla kawai ba, a nuna maka daga wane rubutu aka danna kuma wane linki ne. Wanda bai iya wannan ba ko da kyauta ne bai biya maka buƙata ba.

Sai sanin daga ina mutum ya zo. Nan akwai matsalar da ta fi damunmu fiye da Turawa, domin mu yawancin masu karatunmu daga WhatsApp suke fitowa, ta guruf ko ta status, kuma WhatsApp sau da yawa ba ya gaya wa shafinka cewa shi ya turo mutumin, sai ka ga an jibge su duka ƙarƙashin Direct kamar da hannu suka rubuta adireshin. Babu wani kayan aiki da ke gyara wannan da kansa. Maganinsa alamun UTM ne, wato ka ƙara ɗan rubutu a ƙarshen linkinka kafin ka raba, misali utm_source=whatsapp da utm_campaign=fanka, kuma duk kayan da ka zaɓa ya zama yana karanta su.

Kuɗi kuma ba farashin da aka rubuta ba kawai, har da yadda za ka biya. Abin da ake biya da dala kowane wata yana nufin katin da ke aiki a waje, ko katin dala na manhaja, da canjin da ke hawa yana sauka ba da shawararka ba. Dala 9 wurin Bature kuɗin shayi ne, wurin ɗalibin Danfodiyo da ke haɗa karatu da wanga aiki kuwa kuɗin datarsa ne na wata ko fiye.

Nauyi ma abin dubawa ne. Mai karanta ka yana riƙe da Itel ko Tecno ko Infinix, wataƙila yana Illela ko Gwadabawa sabis na zuwa yana ɗaukewa, duk wani ƙarin kod da ka ɗora sai wayarsa ta sauke shi da datarsa, in shafin ya daɗe bai buɗe ba ya fita, ka rasa shi tun bai ga linkin ba.

Sauran su ne ɗorewa (tsawon lokacin da ake ajiye maka bayanai da kuma wa ke riƙe da su), sauƙin fahimta, da haɗari ta fuskar doka da ta ƙidayar da ba daidai ba. Kan doka, Najeriya na da dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Yunin 2023 da hukumar NDPC da ke kula da ita, Turai kuma na da tata dokar, GDPR, tun Mayun 2018. In masu karatunka 'yan gida ne abin da sauƙi, ka rubuta bayani a shafinka na abin da kake tattarawa da dalili. In kuwa kana rubutu da Turanci kana neman 'yan Ingila ko Jamus su saya ta linkinka, to maganar neman izini kafin a saka kukis, wato 'yan alamun da shafi ke ajiyewa a wayar mai karatu don ya riƙa gane shi, ta hau kanka.

Google Analytics 4

Kyauta ne, kuma shi ne mafi ƙarfi cikin na kyauta, babu gardama. Yana da wani sashe da suke kira Enhanced measurement wanda in yana kunne da kansa yake ƙirga danna linkin da ya fita daga shafinka, da wanda ya gangara har kashi 90 na rubutu, da wanda ya sauke fayil, ba sai ka rubuta kod ba. In WordPress kake amfani da shi, filogin ɗin (ƙarin manhajar da ake ɗora wa WordPress) Site Kit na Google ɗin kansa zai haɗa maka shi cikin 'yan mintuna.

To amma wallahi ba shi da daɗin sha'ani ga sabon shiga. Ka buɗe rahoto za ka ga an yi click sau kaza, amma ba za ka ga wane linki aka danna ba nan take, sai ka shiga sashen Explore ka gina naka rahoto, ka jawo Link URL (linkin da aka danna) ka jawo Page path (rubutun da aka danna daga cikinsa) ka jawo yawan event (sau nawa abin ya faru), sannan ka ga abin da kake nema. Wannan aiki ne na kwamfuta, a waya zai ba ka ciwon kai. Da zarar ka gina shi sau ɗaya kuwa shi ke nan, zai zauna kana buɗewa kana dubawa, kuma shi ne rahoto mafi amfani da mai dillanci zai mallaka.

Ga wani rami da mutane da yawa ke faɗawa ba su sani ba. Yawancin masu dillanci suna gajarta linkinsu da filogin irin Pretty Links ko ThirstyAffiliates, dogon linkin nan mai cike da lambobi ya koma sunan shafinka da /go/fanka a ƙarshe. Yana da kyau a ido, kuma in shago ya canza linki wuri ɗaya za ka gyara. Matsalar ita ce GA4 yana kallon wanga linki a matsayin na cikin gida tunda da sunan shafinka ya fara, saboda haka ba ya ƙirga shi cikin masu fita. Mutum zai yi wata da watanni yana ganin sifili ko ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ɗauka babu mai dannawa, ya karaya, alhali ana dannawa. Gyaransa shi ne ka yi amfani da Google Tag Manager, kayan aikin Google na saita abin da za a ƙirga, ka ce duk linkin da ke ɗauke da /go/ a aika shi a matsayin event na musamman, ko kuma ka dogara da ƙidayar da filogin ɗin kansa ke yi, duk da ita tana iya haɗawa da na'urorin da ke yawo a intanet ba mutane ba. Ga masu Amazon kuma a kiyaye, dokokinsu ba su yarda ka ɓoye linki ta yadda mai dannawa bai san Amazon za shi ba.

Ɗorewa: tun ranar da ka girka shi ka shiga saitin ajiye bayanai ka mayar da shi wata 14, domin a kan wata 2 yake zuwa, kuma wannan iyakar tana shafar rahotannin Explore ne, wato daidai wurin da kake ganin linkinka. In ka bar shi yadda ya zo, lokacin da zafin Afrilu ya dawo kana so ka ga wace fanka ko wane fawa bank ya fi jan mutane bara, za ka tarar babu komai. Wata 14 ne iyaka a na kyauta, fiye da haka sai ka riƙa turawa BigQuery, rumbun ajiye bayanai na Google. Kuma a tuna abin da ya faru da tsohon Universal Analytics wanda GA4 ya gada, Google ya daina karɓar bayanai a cikinsa ranar 1 ga Yulin 2023 aka tilasta wa kowa ƙaura, daga baya ma aka rufe damar ganin tsofaffin bayanan. Abin da ba ka biya ba, mai shi na iya canza shi ranar da ya ga dama.

Yana da nauyi fiye da sauran, yana amfani da kukis, masu toshe talla suna toshe shi, kuma cikakken rahoto kan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin ya daidaita. A 2022 hukumomin Austriya da Faransa da Italiya sun yanke cewa amfani da shi ya saɓa wa GDPR saboda tura bayanai Amurka, sai yarjejeniyar da Turai da Amurka suka ƙulla a Yulin 2023 ta sassauta lamarin. Wannan ya shafi mai neman kasuwar Turai ne.

Search Console da Clarity, 'yan rakiya biyu

Waɗannan ba su maye gurbin kowa, amma kyauta ne kuma kowanne yana ganin abin da sauran ba su gani. Search Console ba ya ɗora wani kod da ke gudana a wayar mai karatu, saboda haka ba nauyi, ba mai toshe shi. Yana nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta a Google har suka ga shafinka, sau nawa aka gan ka, sau nawa aka danna, da matsayin da kake, na tsawon wata 16. Ga mai rubutu da Hausa wannan dukiya ce, domin za ka ga yadda mutanenmu ke bincike da gaske, wani ya rubuta da Hausa zalla, wani ya gauraya da Turanci, wani ya rubuta sunan waya ya ƙara "nawa ne". Wanda ya tambayi nawa ne ya kusa sa hannu aljihu, shi ya kamata ka yi wa rubutu. Iyakarsa dai bakin ƙofa, abin da ya faru bayan mutum ya shigo ba ruwansa.

Microsoft Clarity kuma yana naɗe maka yadda mutum ya yi yawo cikin shafi kamar bidiyo, da taswirar wuraren da aka fi taɓawa da inda mutane ke tsayawa su daina gangarawa. Ka zauna ka kalli goma ko ashirin daga cikin naɗe-naɗen nan na masu waya, za ka ga abin da lamba ba ta faɗa: ɗan yatsa na ta buga hoton fankar sau uku sau huɗu don mutumin ya ɗauka hoton ne zai kai shi shago, alhali linkin na can ƙasa bayan dogon bayani da bai kai gare shi ba. Gyaran minti biyar ne, ka sa linki a hoton ka ɗaga maɓallin saye sama. Naɗe-naɗen kwana 30 suke yi su goge sai wanda ka ware, kuma yana ƙara nauyi, don haka ni shawarata ka kunna shi lokacin da kake gyaran wasu rubuce-rubuce, in ka gama ka ga ya ishe ka ka cire. Tunda kallon motsin mutane kake yi, ka tabbata saitin rufe abin da suke rubutawa a fom yana nan a kunne, amana ce.

Matomo

Shi ne wanda a da ake kira Piwik kafin a canza masa suna a 2018. Manhaja ce buɗaɗɗiya, kana iya saukewa kyauta ka girka a hostin ɗinka in yana da PHP da MySQL, akwai kuma filogin na WordPress da ke yin komai daga cikin dashbod. Ga mai dillanci yana da abin da na fi so: rahoton linkin fita yana nan a fili cikin menu, ka danna ka ga jerin shagunan da aka tafi da yawan dannawa, ba sai ka gina komai ba. Bayanan suna cikin rumbunka, ba iyakar wata 14, ba wanda zai tashi ya rufe maka, kuma ana iya saita shi ya yi aiki ba tare da kukis ba.

Kuɗinsa ɓoyayye ne. Kowane mai ziyara sai an rubuta shi a rumbun bayananka, in kana kan ƙaramin hostin na haɗaka irin wanda yawancinmu ke farawa da shi, rumbun zai yi ta kumbura, shafin ya fara jan ƙafa, wata rana kamfanin hostin ya turo maka saƙo cewa ka wuce iyaka ka hau babban tsari. Sabuntawa da ajiye kwafi duk a wuyanka suke, in rumbun ya lalace ba ka da kwafi to shekarun bayanai sun tafi, kuma babu wanda za ka kai wa ƙara. Taswirar taɓawa da naɗar motsi da Clarity ke bayarwa kyauta, a Matomo na gida sai ka saya daban. Akwai Matomo Cloud da su ke riƙe maka komai, amma yana farawa ne daga sama da Yuro 20 a wata, wanda ga ƙaramin shafi bai da ma'ana. Matsalar linkin /go/ ma tana nan, sai ka yi masa alama ta musamman kafin ya ɗauke shi a matsayin mai fita.

Plausible

Kamfanin Turai ne, kuma duk abin da yake yi a fuska ɗaya yake: yawan baƙi, inda suka fito, rubutun da suka karanta, ƙasa, irin na'ura. Ko a waya ka buɗe kana zaune bakin shago za ka gane komai cikin minti ɗaya, kuma abin da ke faruwa yanzu-yanzu kake gani. Kod ɗinsa ɗan ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da na Google, ba ya amfani da kukis, yana karanta UTM, yana ƙirga linkin fita in ka kunna masa, filogin ɗinsa na WordPress ma yana da wurin da za ka gaya masa ya ƙirga gajartattun linki irin na /go/. Ta fuskar aikin dillanci kusan duk abin da ake so ya ba da shi ba tare da wahala ba.

Matsalarsa ɗaya ce kuma babba ce gare mu, ba shi da tsarin kyauta. Gwaji na kwana 30 ne, daga nan ƙaramin tsari yana farawa daga dala 9 a wata na buɗe shafi har sau 10,000, wato dala 108 a shekara in wata-wata kake biya, ka ninka da canjin yau ka gani. In baƙi suka ƙaru kuɗin ma ya ƙaru. Kuma ranar da katinka ya ƙi aiki aka kasa cirar kuɗi, dashbod ɗinka na iya kullewa har sai ka biya. Akwai nau'insa na kyauta da mutum zai girka da kansa amma sai da sabar VPS, wato sabar haya da kai ke sarrafa ta, da sanin Docker, manhajar da ake girka shi da ita, ba aikin ƙaramin hostin ba ne. Wani mai suna Fathom ma irin tafiyarsu ɗaya, shi daga dala 15 yake farawa.

Biyu da za a wuce da sauri

Cloudflare Web Analytics kyauta ne, marar nauyi, ba kukis, amma ba ya ƙirga danna linki, don haka ya faɗi jarrabawar farko. Jetpack Stats yana nuna linkin da aka danna kuma yana da sauƙi, sai dai suna neman kuɗi wurin shafukan kasuwanci, kuma shafin da ke ɗauke da linkin dillanci cikin na kasuwanci suke lissafa shi.

| Kayan aiki | Kuɗi | Linkin fita | Nauyi | Ajiye bayanai | Sauƙi |
|---|---|---|---|---|---|
| GA4 | kyauta | yana ƙirgawa, sai ka gina rahoto | mai nauyi | wata 14 a Explore | da wahala |
| Search Console | kyauta | a'a | babu | wata 16 | da sauƙi |
| Clarity | kyauta | kana gani da ido | matsakaici | naɗi kwana 30 | da sauƙi |
| Matomo na gida | kyauta, amma yana cin hostin | rahoto a shirye | matsakaici | yadda ka so | sai mai ɗan sani |
| Plausible | daga dala 9 a wata | yana ƙirgawa | marar nauyi | shekaru, in kana biya | mafi sauƙi |
| Cloudflare | kyauta | a'a | marar nauyi | 'yan watanni | da sauƙi |

Abin da babu ɗayansu da ke gani

Duk cikinsu babu wanda ya san ko an yi ciniki. Da mutum ya bar shafinka ya shiga shagon wani, idonsu ya rufe. Cinikin yana dashbod ɗin kamfanin da kake wa dillanci, kuma hanyar haɗa biyun ita ce ka ba kowane rubutu ko kowace hanya alamarta a cikin linkin. Amazon na ba ka damar buɗe irin wannan alama, tracking ID, har 100, sauran kamfanonin dillanci ma kowa da sunan da ya ba shi, a Awin ana kiransa clickref, a CJ kuma SID, a Impact subId. In shirin da kake ciki yana da irin wannan, yi amfani da shi tun yau, ɗaya na rubutun fanka, ɗaya na sola, ɗaya na abin da ka raba a WhatsApp. Ƙarshen wata ka buɗe takardar lissafi ka jera: rubutu kaza baƙi nawa, dannawa nawa, ciniki nawa, kamasho nawa. Sannan ka raba kamashon da yawan dannawa ka ga nawa kowace dannawa ke kawo maka. Wagga lamba ita ke gaya maka inda za ka sa ƙarfinka.

Kada kuma ka tayar da hankali in lambobin ba su zo ɗaya ba, ba za su taɓa zuwa ɗaya ba. Mai Opera Mini da ya kunna matse data sosai, shafinka ta sabar Opera yake bi kafin ya iso masa, wasu abubuwan ba a ƙirga su. Mai toshe talla ba a ganinsa sam. Kukis ɗin Amazon awa 24 yake yi, wanda ya danna yau ya jira albashi ya saya mako mai zuwa ba naka ba ne sai in ya riga ya jefa kayan a kwando. Ga kuma al'adarmu ta mutum ya karanta bayaninka ya gamsu, ya hau mashin ya tafi babbar kasuwa ya saya hannu da hannu don yana so ya taɓa kayan ya gwada. Rahoton gari ma kada ka ɗauke shi da gaske, layukan waya sukan nuna mutumin Mabera ko Arkilla kamar yana Legas ko Abuja saboda inda kamfanin sadarwa ke fitar da su intanet. Ka kuma cire kanka daga ƙidaya, amma ba ta hanyar IP, wato lambar adireshin na'urarka a intanet, ba tunda na datar waya canzawa yake yi kullum, ka yi amfani da saitin da ke tsallake wanda ya shiga a matsayin mai shafi, Site Kit na da shi, filogin ɗin Plausible da na Matomo ma haka.

Wa ya dace da wanne

In yanzu ka fara, kamasho bai fara shigowa ba ko yana zuwa jefi-jefi, kada ka biya ko sisi. Ɗora Search Console da GA4, mayar da ajiya wata 14, nemi kwamfuta ko ta aro ce ka gina rahoton linkin fita sau ɗaya, ka tabbata gajartattun linkinka ana ƙirga su ta hanyar danna ɗaya da wata waya ka duba a rahoton Realtime. Kuɗin da za ka ba Plausible gara ka sa shi a data da hostin mai kyau.

In kana da baƙi masu yawa amma dannawa kaɗan ce, matsalarka ba ta ƙidaya ba ce, ta tsarin shafi ce, Clarity ne abokinka na mako biyu ko uku.

In kuɗin dala na shigo maka a kai a kai, musamman in masu karatunka 'yan Turai ne ko kuma duk aikinka a waya kake yinsa kuma GA4 ya sa ka daina duba rahoto gaba ɗaya, to Plausible ya cancanci kuɗinsa, ka biya daga dalar da ka samu ba sai ka canza naira ba.

In ka iya harkar sabar, kana da VPS, ko kana riƙe wa mutane shafuka da yawa kana so bayanan shekaru su zauna hannunka, Matomo na gida ne naka, da sharaɗin kana ajiye kwafi a wani wuri daban kowane mako.

Wanda kuma ba shi da shafi kwata-kwata, dillancinsa a status da guruf da TikTok yake yi yana tura mutane kai tsaye Selar ko Jumia, duk waɗannan ba su shafe shi ba tukuna, abin da yake buƙata gajartaccen linki ne daban ga kowace hanya, irin na Bitly da ke nuna yawan dannawa, sai ya riƙa gwada shi da abin da dashbod ɗin shagon ya nuna masa a ƙarshen wata.